Disko: An Yi Masa Jana'iza A 1979, Har Yau Ana Taka Rawarsa

A farkon shekarar 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, aka ba wani mabushin saksafon ɗan Douala, Manu Dibango, aikin tsara taken gasar. Faifan garmaho fuska biyu gare shi. Da ya cika ta gaba da taken, sai ya cike ta baya da wani kiɗa da ya sa wa suna "Soul Makossa". Kamaru ba ta ɗauki kofin ba, Kongo ce ta yi waje da ita a wasan kusa da na ƙarshe, taken kuma ya bi ruwa. Kiɗan bayan faifan ne ya haye teku. Wani Ba'amurke mai suna David Mancuso ya tsinci kwafinsa a wani shagon fayafayai na 'yan Karibiyan a Brooklyn, ya kai shi gidansa inda yake tara mutane rawa duk daren Asabar. Daga nan Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS ya ji, ya sa wa New York. Faifan ya yi wuyar samu har ƙungiyoyin makaɗa fiye da ashirin suka yi ta buga nasu na kwaikwayo, kafin kamfanin Atlantic ya sayi izinin na asalin. A 1973 ya kai matsayi na 35 a jadawalin Billboard.

Da yawa daga masu rubuta tarihin kiɗa suna lissafa wannan faifai cikin na farko-farkon disko. Abin da ya sa ba wai salon bugunsa kaɗai ba ne, hanyar da ya bi ya shahara ce. Kafin lokacin, kamfani ne yake kai waƙa gidan rediyo, rediyo ta koya wa jama'a son ta. Wannan karon ƙafafun masu rawa ne suka zaɓa, rediyo da kamfani suka biyo baya da gudu.

Ɗakin da ba a sayar da giya

Mancuso ya fara taron nasa ranar 14 ga Fabrairun 1970, a benen da yake zaune, lamba 647 kan titin Broadway. Wurin ya yi suna da The Loft. Sai da gayyata ake shiga, ba a sayar da giya, ruwan 'ya'yan itatuwa ne da abinci da balan-balan, sai lasifikokin da ya zuba wa duk abin da ya mallaka. Masu zuwa kuwa waɗanda manyan gidajen rawa na birnin ba sa marhabin da su ne: baƙaƙen fata, 'yan asalin Puerto Rico, 'ya'yan talakawan Italiyawa, da maza masu neman jinsinsu, waɗanda 'yan sanda suka daɗe suna kai wa matattararsu samame. New York ta wancan zamani birni ne da ya tsiyace, saura ƙiris asusunsa ya ƙafe a 1975. Tsofaffin masana'antu da rumbunan ajiya sun zama kufai, hayarsu ta yi araha, wannan ya ba irin waɗannan taruka wurin fakewa.

A can ne sana'ar mai saka faifai ta zama sana'a. Francis Grasso na gidan rawar Sanctuary ya ƙware wajen daidaita saurin fayafayai biyu, ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da mai rawa ya ji gaɓa ba. Cikin abubuwan da ya fi so ya saka har da gangunan Babatunde Olatunji, ɗan Najeriyar nan da ke zaune a Amurka. Duk DJ ɗin da ke haɗa waƙoƙi a gidan biki a Kano ko Maraɗi yau, ya sani ko bai sani ba, gadon Grasso yake ci.

Shi kiɗan kansa daga Philadelphia ya samo ƙashin bayansa. Kamfanin Kenny Gamble da Leon Huff yana da tawagar makaɗa fiye da talatin da ake kira MFSB, da masu goge da masu ƙaho da masu jita. Makaɗin gangarsu, Earl Young, shi ake jingina wa bugun da ya zama hatimin disko: babbar ganga ta ƙafa tana dukan kowane ƙidaya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba fashi, kamar taɓarya a turmi, farantan ƙarfe kuma suna huci a tsakani. Ana jin sa sarai a "The Love I Lost" ta 1973. Amfanin bugun a fili yake. Ko wanda bai iya rawa ba zai iya bin sa, mai saka faifai kuma yana samun abin da zai dafa ya haɗa waƙa da waƙa.

Saura tsawo. Waƙar rediyo minti uku ce, mai rawa kuwa a minti na uku jikinsa yake fara ɗaukar zafi. Tom Moulton ya lura da haka, ya shiga karɓar asalin tef daga kamfanoni yana sake haɗa waƙa, ya tsawaita ta, ya cire murya a tsakiya ya bar ganga ita kaɗai, sannan ya dawo da sauran kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, wata rana ƙananan fayafayan gwaji suka ƙare a situdiyo, aka yanka masa waƙa ɗaya a kan babban faifai, sai ya ji sautin ya fi ƙarfi da kauri, domin layukan sun sami fili. Haka aka haifi faifai mai inci 12 mai ɗauke da waƙa guda. Na farko da aka kai kasuwa shi ne "Ten Percent" na kamfanin Salsoul a 1976.

Reshe na biyu ya fito ne daga Munich ta Jamus, inda wani Ba'italiye, Giorgio Moroder, da abokin aikinsa Pete Bellotte suka haɗu da wata mawaƙiya Ba'amurkiya da wasan daɓe ya kai Turai, Donna Summer. A 1975 suka yi waƙar da ta kusa minti 17. A 1977 kuma suka yi "I Feel Love", wadda kusan dukan kiɗanta daga na'urar haɗa sauti ta Moog ya fito. Babu goge, babu ƙaho. A ra'ayina duk wanda yake son ya gane inda kiɗan rawa na duniya ya nufa cikin shekaru arba'in da suka biyo, wannan waƙa ɗaya ta ishe shi.

Da kuɗi suka shigo

Shekarar 1977 ce ta fitar da disko daga lungu zuwa dandali. A watan Afrilu Steve Rubell da Ian Schrager suka buɗe Studio 54, wurin da ya juya ƙa'idar Mancuso baibai: maimakon tara waɗanda aka ƙi, sai ya yi suna wajen korar mutane a bakin ƙofa. Taurari da attajirai a ciki, hodar iblis a ko'ina, talaka kuma yana tsaye a layi yana fatan a nuna shi da yatsa. Hatta Nile Rodgers da Bernard Edwards na ƙungiyar Chic an hana su shiga a daren shiga sabuwar shekarar 1978, alhali mawaƙiya Grace Jones ce ta gayyace su. Suka koma gida da haushi suka tsara "Le Freak", wadda ta daɗe tana riƙe da kambin waƙar da ta fi kowace ciniki a tarihin kamfanin Atlantic.

A watan Disamba kuma fim ɗin Saturday Night Fever ya fito, John Travolta cikin fararen kwat, 'yan'uwan nan uku na Bee Gees suna waƙa. Kundin waƙoƙin fim ɗin ya yi mako 24 a saman jadawali a 1978, an sayar da kwafi kusan miliyan 40 a duniya. Wani abin dariya, an gina fim ɗin a kan wani rahoto da ɗan jarida Nik Cohn ya buga a mujallar New York a 1976, kuma bayan shekara kusan ashirin ya fito ya amsa cewa ƙirƙirar labarin ya yi. Wato hoton da duniya ta riƙe na disko, farin saurayi ɗan Brooklyn mai gyaran gashi, ba daga gidan rawa aka ɗauko shi ba.

Daga nan sai abin ya zama ruwan dare. Gidan rediyon WKTU na New York ya koma disko zalla a tsakiyar 1978, cikin 'yan watanni ya haye kan duk tashoshin birnin, sauran tashoshi a faɗin ƙasar suka bi sahu. Rolling Stones suka yi tasu, Rod Stewart ya yi, Kiss suka yi. Tun 1976 wata waƙar barkwanci mai muryar agwagwa ta riga ta kai lamba ɗaya. Aka yi disko na yara, aka yi na tallan kaya, aka ɗauko tsofaffin mawaƙan daɓe aka ɗora su a kan bugun Earl Young ko ya dace ko bai dace ba. Kamfanoni suka riƙa buga fayafayai fiye da ƙima suna tura wa dillalai, suna shelar ciniki tun kafin a saya, daga baya kayan su dawo musu cikin kwalaye. Ana cikin haka 1979 ta zo da tsadar man fetur da hauhawar farashi, cinikin fayafayai a Amurka ya faɗi bayan shekaru masu yawa yana hawa. Aka shiga neman wanda za a ɗora wa jakar tsaba.

Daren Comiskey

Steve Dahl, mai gabatar da shirin kiɗan rok ɗan shekara 24, ya rasa aikinsa a tashar WDAI ta Chicago a ƙarshen 1978, lokacin da ta koma disko. Da ya sami gurbi a WLUP sai ya mai da zagin disko sana'a. Ƙungiyar wasan besbol ta White Sox kuwa tana fama da ƙarancin 'yan kallo, sai Mike Veeck, ɗan mai ƙungiyar, ya shirya da tashar: ranar 12 ga Yulin 1979, duk wanda ya zo filin Comiskey da faifan disko zai shiga a kan santi 98, a tsakanin wasa na farko da na biyu kuma a tara fayafayan a tarwatsa.

An yi tsammanin mutum dubu 20. Aƙalla dubu 50 suka zo, wasu ta kan katanga. Tun ana wasan farko ake jifan 'yan wasa da fayafayai. Da Dahl, cikin kakin soja da hular kwano, ya tayar da nakiyar, sai dubban matasa suka kwararo cikin fili, suka kunna wuta, suka tumɓuke ciyawa. Sai da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo, aka kama mutum 39, aka soke wasa na biyu aka ba Detroit Tigers nasara a bagas.

Har yau ana jayayya kan abin da daren yake nufi. Dahl ya tsaya a kan cewa wasa ne na matasa masu kishin kiɗansu, ba ruwansa da launin fata ko wani abu. Nile Rodgers ya ce shi abin ya tuna masa da ƙona littattafai na 'yan Nazi. Akwai kuma shaidar wani yaro baƙar fata, Vince Lawrence, wanda ke aikin nuna wa mutane kujera a filin a daren. Ya sha faɗa cewa da yawa daga fayafayan da aka kawo ba na disko ba ne sam, na irin su Stevie Wonder da Marvin Gaye ne. In haka ne, biri ya yi kama da mutum. Ni dai na fi karkata ga cewa abubuwa biyu ne suka haɗu, kowanne gaskiya ne. Mutane sun gaji da tarkacen da kamfanoni suka cika musu kunne da shi. Sannan a ƙarƙashin gajiyar akwai ƙyamar waɗanda suka kawo kiɗan, da fargabar matasan fararen fata 'ya'yan ma'aikatan masana'antu, waɗanda ayyukan iyayensu ke sulalewa, suna ganin har rediyonsu ma an ƙwace.

Nakiya ɗaya ba ta kashe kasuwa, amma ta ba masu neman hanyar gudu dalili. A mako na uku na Yuli waƙoƙi shida na saman jadawalin Amurka duk disko ne. Kafin ƙarshen Satumba da ƙyar ake samun ɗaya cikin goman farko. Tashoshi suka koma rok, kamfanoni suka goge kalmar daga ƙofofin ofisoshinsu suka rubuta "kiɗan rawa". A farkon 1980 aka ɗaure Rubell da Schrager kan kauce wa haraji. Kyautar Grammy ta disko sau ɗaya tak aka ba da ita, a 1980, Gloria Gaynor ta karɓa da "I Will Survive", aka soke rukunin. Chic da Bee Gees suka wayi gari ba mai son jin sunansu a rediyo. Sai kuma cutar ƙanjamau ta kunno kai daga 1981, ta yi wa al'ummar gidajen rawar ta'adi, ta tafi da makaɗi Patrick Cowley a 1982 da mawaƙi Sylvester a 1988, da ɗimbin masu saka faifai da masu rawa da ba a rubuta sunayensu ba.

Gawar da ta ci gaba da ciniki

Ga abin da masu cewa disko ya mutu a 1979 ba sa son a tuna musu. Ƙasa da wata ɗaya bayan daren Comiskey, Michael Jackson ya fitar da Off the Wall, kundin da kowane kunne zai shaida disko ne, waƙarsa ta farko kuma ta kai lamba ɗaya a watan Oktoba. A watan Satumba Sugarhill Gang suka ɗora gambararsu a kan kiɗan "Good Times" na Chic, suka yi faifan da ya fara kai hip-hop kunnen duniya. A 1980 Rodgers da Edwards suka tsara wa Diana Ross kundin da ya fi kowanne nata ciniki. Rodgers ya yi wa David Bowie aiki a 1983, ya yi wa Madonna a 1984. Mutumin da aka ƙi jin sunansa shi ne ke bayan labule yana juya kasuwar. Sunan kawai aka binne.

Wajen Amurka ma ko sunan ba a binne ba. Turai ta ci gaba da ABBA da Boney M, Italiyawa suka ƙago nasu na na'ura. A Indiya kuwa a lokacin ne ma abin ya fara. Biddu ya tsara wa wata yarinya 'yar Pakistan, Nazia Hassan, waƙa a fim ɗin Qurbani na 1980, sannan a 1982 Bappi Lahiri ya yi kiɗan Disco Dancer, inda Mithun Chakraborty ya fito a matsayin yaron talaka da rawa ta ɗaukaka. Fim ɗin ya cika silimomi daga Tarayyar Sobiyat har Afirka ta Yamma. Ga da yawa daga mutanenmu da suka tasa a shekarun 1980, ta wannan ƙofa kalmar disko ta shigo musu, ba ta New York ba. A ƙasar Hausa disko irin na Amurka bai taɓa zama kiɗan jama'a ba. Zamanin Shata ne da Ɗan Maraya da Barmani Coge, shi kuwa ya tsaya a otel-otel da Sabon Gari da barikoki da ɗakunan taron ɗalibai. Amma wanda ya biyo ta hannun Indiyawa ya sami shiga, kuma kunnen da ya saba zai iya jin ɓurɓushinsa a kiɗan fiyano na finafinan Hausa.

Kudancin Najeriya ya rungumi abin kai tsaye, da kuɗin mai a aljihu. Kris Okotie, Dizzy K. Falola, Oby Onyioha, Christy Essien da Felix Lebarty duk sun yi fayafayai a wannan salo. A Enugu, William Onyeabor ya gina situdiyonsa da injin buga faifai, ya cika su da na'urorin haɗa sauti, ya fitar da kundaye tsakanin 1977 da 1985. 'Yan Gana mazauna Jamus, irin su George Darko, suka gauraya shi da hailaif. Matsin tattalin arziki da satar fasaha ta kaset ne suka durƙusar da wannan kasuwa, ba tarzoma ba.

Magajin gaskiya kuwa a Chicago ɗin dai ya tashi, 'yan kilomitoci daga filin Comiskey. Tun 1977 wani ɗan New York, Frankie Knuckles, yake saka faifai a wani gidan rawa da ake kira Warehouse. Da kamfanoni suka daina fitar da sabon disko, sai ya koma yanka tsofaffin a kan tef da reza, yana maimaita gaɓoɓin da ke tayar da jama'a, daga baya ya ƙara musu na'urar buga ganga. Yaran da ke zuwa rawa suka ga cewa ba sai da makaɗa talatin ba, na'urorin Roland na hannu da ɗakin kwana sun isa. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da "On and On", wanda ake ɗauka faifan farko na kiɗan house, abokin tsara shi kuma Vince Lawrence ne, yaron nan mai nuna kujera. Knuckles ya kira sabon kiɗan ramuwar gayyar disko. A Janairun 1987 wata waƙar house daga Chicago ta hau lamba ɗaya a Birtaniya, Detroit ta kawo tekno, Turai ta kama da wuta. An rushe filin Comiskey a 1991. Ginin Warehouse kuwa hukumar birnin ta sa shi cikin wuraren tarihi a 2023.

Daga Chicago bugun ya gangara Afirka ta Kudu, matasan unguwannin baƙaƙe suka rage masa sauri a farkon shekarun 1990 ya zama kwaito, daga zuriyarsa kuma amapiano ya fito, wanda yau ya mamaye Legas ya iso har situdiyoyin Kano da Kaduna.

Sai dai gadon bai zo da adalci ba. Waƙar da ta fi kowace ciniki a Birtaniya a 1989, "Ride on Time", muryar Loleatta Holloway ce aka yanko daga faifanta na 1980 ba da izini ba, aka sa wata mai tallan kaya tana motsa baki a bidiyo. Shi kansa Dibango sai da ya kai ƙarar Michael Jackson kan amshin "Soul Makossa" da ya ɗauka a kundin Thriller kafin a sasanta da shi.

Me ya dawo, me bai dawo ba

Kusan duk bayan shekara goma sai jaridun Turai da Amurka su yi shelar cewa disko ya dawo. Sun faɗa a ƙarshen shekarun 1990 da Faransawa suka shiga yankan tsofaffin fayafayai. Sun faɗa a 2005 da Madonna ta ari kiɗan ABBA. Sun faɗa da ƙarfi a 2013, lokacin da Daft Punk suka kashe fiye da dala miliyan ɗaya suka tara makaɗa na gaske, suka kira Rodgers da Moroder, kundin da suka yi ya ci babbar kyautar Grammy a 2014.

Guguwar da ta fi girma ita ce ta 2020, kuma ta zo a lokacin da ba a zata ba, gidajen rawa na duniya duk a garƙame saboda korona. Dua Lipa ta saki Future Nostalgia a ƙarshen Maris, ana tsakiyar kulle. Doja Cat ta kai lamba ɗaya a Mayu, samarin BTS na Koriya ta Kudu suka kai da "Dynamite" bayan 'yan watanni, Kylie Minogue ta fitar da kundin da ta sa wa suna Disco ƙarara ya hau saman jadawalin Birtaniya. Mai saka faifai D-Nice ya tara mutum fiye da dubu 100 a Instagram suna rawa kowa a ɗakinsa. A cikin watan Maris na wannan shekarar ne cutar ta ɗauke Manu Dibango a Faransa yana da shekara 86. A 2022 Beyoncé ta fitar da Renaissance, ta gayyato Grace Jones da Rodgers da Tems 'yar Najeriya, ta rufe kundin da kiɗan Donna Summer na 1977, ta kuma fito fili ta ambaci waɗanda suka kafa harkar. A shekarar ce kuma faifan garmaho ya fi faifan CD yawan ciniki a Amurka, karo na farko tun 1987.

To, farfaɗowa ce? Sautin dai ya dawo, ba musu, kuma kunyar da aka liƙa wa sunan ta wanke. Amma disko ba sauti ba ne kawai. Abubuwa ne da suka haɗu: waƙa mai tsawo, makaɗa masu yawa a ɗaki ɗaya, da fili inda baƙi ke gogayya da juna har asuba, mai saka faifai yana gwada musu abin da ba su taɓa ji ba. Kasuwar yau ta saɓa wa kowanne. Spotify yana ƙirga sauraro ne da zarar an wuce daƙiƙa 30, don haka riba tana ga gajeriyar waƙa da za a maimaita. "Espresso" ta Sabrina Carpenter, wadda ta cika 2024, ba ta kai minti uku ba, wato an koma daidai inda Tom Moulton ya tarar da abin. Goge da ƙaho yanzu daga kwamfuta suke fitowa, domin ba kowa ke da miliyan ɗin Daft Punk ba. Gidajen rawa kuwa rufewa suke yi. Ƙungiyar masu harkar dare ta Birtaniya ta ce ƙasar ta rasa kimanin kashi ɗaya bisa uku na kulob-kulob ɗinta tun daga 2020, saboda tsadar haya da wuta da kuma matasan da suka rage shan giya da fita. Waƙa a yau a TikTok take tashi, ko a fim, kamar yadda wata tsohuwar waƙar Sophie Ellis-Bextor ta 2001 ta koma lamba biyu a Birtaniya a farkon 2024 don kawai an sa ta a ƙarshen wani fim.

Saboda haka abin da manyan taurari ke yi na fi ganin sa a matsayin ziyara. Suna shiga kayan 1978, su yi kundi ɗaya mai kyau, su cire su wuce. Beyoncé da kanta kundinta na gaba kiɗan ƙauyen Amurka ta koma. Inda tsarin farko yake da rai shi ne inda ba a kiran sa disko: a Pretoria da Soweto, inda waƙar amapiano ke kai minti bakwai ko takwas, inda mai saka faifai ke gwada sabon kiɗa a kan masu rawa kafin rediyo ta san da shi. Black Coffee, ɗan Afirka ta Kudu, ya ci Grammy ta kundin kiɗan rawa a 2022 da salon da kakansa Frankie Knuckles ne.

Akwai kuma ɓangaren wannan farfaɗowa da ya shafe mu kai tsaye. Kamfanin Luaka Bop na New York ya tattara waƙoƙin Onyeabor ya sake fitarwa a 2013, shekara huɗu kafin rasuwarsa. Soundway na Ingila ya fitar da tarin diskon Legas na shekarun 1980 a 2016, daga ciki waƙar Steve Monite ta 1984 ta sami sabuwar rayuwa har mawaƙan Amurka suna rera ta. Masu farautar fayafayai daga Turai da Japan sun shafe shekaru suna bin kasuwanni da tsofaffin shaguna a Afirka ta Yamma suna kwashe abin da muka ɗauka shara ne, yanzu mai son jin abin da aka buga a Legas ko Enugu a 1981 sau da yawa sai ya saya daga Landan. Idan akwai akwatin fayafayan mahaifinka a ɗakin ajiya, na disko ne ko na Shata, kada ka bari yara su yi wasa da su ko a sayar wa 'yan jari-bola. A tsayar da su a tsaye, a nesanta su da rana, a nemi wanda zai naɗe su a kwamfuta tun ba su lanƙwashe ba.